A'a ta Obadiya

Ranar Lahadi a Tawa, bayan majami'a,
inda bedi ya yi mana rumfa kyauta,
na shimfiɗa tabarmi uku, ɗaya ta sha jiki.
Yara goma sha tara, ni ce cikon ta ashirin.

Na zo da darasi a rubuce cikin kaye,
na ja jan layi a ƙarƙashin aya.
Ban kai ga buɗewa ba
na hango Obadiya can gefe,
yana tonon ƙasa da tsinke
kamar mai neman abin da ya binne jiya.

"Lafiya?" Shiru.
Damaris ce ta fasa ƙwai:
"Malama, 'yan ajinsu sun daina kula shi."

Maganar dala ashirin ce.
Akwai teburin ƙwallo a ƙofar lakwal,
kowa da ranar da zai biya kuɗin wasa.
In aljihunka iska, ai uwarka na da sana'a.
Tasa albasa take kasawa a kasuwa,
canjinta na kwana a gwangwanin tumatir.
Suka ce, "Zaro, ba ta ƙirgawa."
Ya ce, "Tana ƙirgawa.
Ni nake riƙe mata fitila."

Suka laƙa masa suna Ƙaramin Fasto,
suka ce har yau ba a yaye shi ba.
Kwana tara ke nan
yana cin ƙosansa a jikin bango,
daga shi sai ƙadangare.

Na so in ce, "Ka kyauta, Ubangiji ya gani."
Gaskiya ce, amma ta maƙale a wuya.
Don zanen da na ɗaura, mai tsuntsaye,
ankon zumuntar mata ne,
jikka tara, kuma bashi na ci,
gudun kada a ce Kezaya ta gaza.
Wata huɗu ina sauya hanya
in na hango rumfar mai atamfa.
Ga yaro ɗan goma sha ɗaya
ya ɗauki kayan da na kasa cicciɓa.

Na rufe kaye.
Na ce, "Yau kalma guda za mu koya.
Gajera ce, amma ta fi buhun hatsi nauyi."

Suka tsaya biyu-biyu, wannan ya ja, wannan ya ƙi.
A'a ta Sila ta fito kamar kukan sauro.
Ta Yokabed da dariya a wutsiyarta.
Mika, autanmu, ya ce a'a
har ga alewar da na miƙa masa,
sannan ya bi ta da ido, ya ɓare baki.
Muka sake. Muka kuma sakewa,
har dattijon majami'a ya leƙo ta taga,
ya zaci rabon faɗa ya same shi.

Na ce, "Ban ce za a tafa muku ba.
Wata rana za a yi muku ihu,
wata rana ƙosai zai yi ɗaci.
Amma karan dawa in shi kaɗai ne iska ke kayar da shi.
A ɗaure shi da 'yan'uwansa, ya zama darni,
akuya ta zo ta koma.
Wa ke lakwal ɗaya da Obadiya?"

Hannu biyu suka tashi.
Na uku ya tashi rabi, ya koma sosa kunne.
Na ce, "To, gobe in an fito shan iska,
bangon nan yana da faɗi."

Muka durƙusa. Obadiya bai rufe ido ba,
na sani, don ni ma ban rufe ba.

Da la'asar mata suka taru,
shugaba ta ɗaga sabon yadi, ruwan ganye,
ta ce na Kirsimeti ne, a fara rubuta suna.
Takarda ta zagayo har gabana.
Na buɗe baki.

Ta fito kamar ta Sila.
Amma ta fito.